Shagon gado a Misfala: a koma mol ko a zauna?

Wani matashi ɗan Makka ya rubuto mini yana cewa: "Kawu, mahaifinmu ya rasu ya bar mana shago a unguwar Misfala. Abaya da jallabiya da turare da kayan tsaraba muke sayarwa. Shekara uku ke nan ciniki yana ja da baya, mutane duk sun koma mol, manyan kantunan zamanin nan. Yanzu an yi mini tayin kushk, irin 'yar rumfar nan ta tsakiyar hanya, a cikin wani mol. In sayar da shagon in koma can, ko in haƙura in zauna? Mahaifiyata da ƙannena mata uku da wannan shagon suke ci."

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa, ya sa albarka a abin da ya bari. Na yi sama da shekara ashirin ina riƙe wa masu shaguna littafin lissafi tsakanin Makka da Jidda, kuma a tsakiyar wannan na taɓa yin 'yan shekaru a ofishin bayar da haya na wani mol a Jidda. Na ga abin ta ciki, na gan shi ta waje. Amsata a gajarce ita ce kada ka sayar da shagon a bana, kuma kada ka sa hannu a takardar kushk ɗin nan sai ka yi lissafin da zan nuna maka. Dalilan kuwa suna da ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri da ni.

Mu fara da tambayar me mol yake sayarwa. Mutane suna zaton kaya ne, alhali kayan na biyu ne. Abin da mai mol ya gina ya kashe wa miliyoyi shi ne sanyi, da wurin ajiye mota, da wurin da magidanci zai kai iyali su wuni ba tare da rana ta taɓa su ba. A garin da zafi ya kai digiri 51.8 a Harami lokacin Hajjin 2024, sanyi kaɗai haja ce. Tun da aka dawo da gidajen silima a Afrilun 2018, aka kuma bai wa mata damar tuƙi a watan Yunin shekarar, mol ya ƙara zama wurin fita shan iska: a ci abinci, yara su yi wasa, a kalli fim, in an ga abu a hanya a saya. Je ka Red Sea Mall ko Mall of Arabia a Jidda daren Alhamis, ka tsaya a ƙofa ka ƙirga masu fitowa da leda da masu fitowa hannu rabbana. Za ka ga cunkoson ba duka ne ciniki ba.

To wa ke sayen kayanka? Hajiyar da ta taso daga Sakkwato ko Maraɗi ko Garwa, da jerin sunayen mutum arba'in da za ta kai wa tsaraba, da 'yan riyaloli ƙulle a lalita. Da matar unguwa da ke neman abayar sallah ga 'ya'yanta huɗu, tana so a ɗaga mata ƙafa zuwa ƙarshen wata. Waɗannan ba su koma mol ba. Hajiyar za ta hau benen kasuwar Abraj al-Bait ta yi kallo, ta ɗauki hoto, wataƙila ta shiga Bin Dawood ta sayi dabino da alewa, amma ba za ta sayi abaya ashirin a can ba, aljihunta ba zai ɗauka ba. Saboda haka in ka daina ganinta, akwai wurin da ta tafi ko abin da ya hana ta zuwa. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mol ne ke tsaye a gabanka da fitilu, shi ya sa shi ka fara zargi.

Abu na farko da ya ci shagunan irin naku shi ne hanya ta sauya. Shago ba komai ba ne illa ƙofa a bakin inda ƙafa ke bi. Tun daga 2008 da aka rushe Shamiyya domin faɗaɗa Harami, kasuwannin da suka kewaye masallaci suke ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Dogayen benayen Jabal Umar sun tashi. Aikin babban titin da ake kira Masar ya tsaga yammacin gari na tsawon sama da kilomita 3, ya ɗebe gidaje da lunguna. A 'yan shekarun nan rusau ya taɓa Nakkasa da Kidwa, wadda ke maƙwabtaka da ku. A Jidda kuwa daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe Sabil da Karantina da Gulail da Kandara da wasu unguwannin da mutanenmu suka daɗe a ciki. Duk gidan da aka sauke, iyali ne suka tashi, kuma iyalin nan su ne masu zuwa shagon babanka a watannin da babu alhazai. Wanda ya koma Shara'i ko Waliyul Ahad ba zai keto gari ya nemi wurin ajiye mota a Misfala don gyale ɗaya ba. Ba ya ƙin ku, nisa ne ya shiga tsakani. Na san masu shagunan da ba su canja komai ba, kayansu na nan, halinsu na nan, amma cikin shekara guda cinikin rani ya karye, don kawai an sauke layuka uku a bayansu ko an mayar da tashar bas wani gefen.

Ga kuma kuɗin iyali da aka ɗora wa baƙi masu iƙama tun Yulin 2017. Ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya hau har ya kai 400 a 2020. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyar ya duba ya ga ba zai iya ba, ya tura su gida. Waɗannan iyalai ba 'yan mol ba ne, 'yan kasuwar Utaibiyya ne da Shara Mansur da shagunan unguwa.

Na biyu, aljihun alhaji. Wannan ne nake ganin masu shaguna da yawa ba su auna shi yadda ya kamata. Riyal ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, ba ya motsi. Naira kuwa aka sake ta a Yunin 2023. A farkon shekarar, ko a kasuwar bayan fage dala tana wajen naira 750. A 2024 ta haura 1,500. Ma'ana abayar da kake sayarwa riyal 100, wadda a idon hajiya take naira 20,000, ta wayi gari naira 40,000, kai kuwa ko halala ɗaya ba ka ƙara ba. Kuɗin kujera ya ninka, guzurin da ake ba alhajin Najeriya ya sauko zuwa dala 500 a 2024, kuma kujeru 95,000 da aka ware wa ƙasar a shekarar ba a iya cike su ba. Mutum ya sayar da gona da shanu ya biya kujera, ya iso da abin da bai fi na abinci da hadaya ba. Ya kuma san cewa daddumar Turkiyya da carbin Sin da yake gani a nan, akwai irinsu a Kantin Kwari. Da yawa yanzu sai sun sauka Kano suke haɗa tsarabar jama'a, abin da suke ɗauka daga nan sai na 'yan cikin gida. Kafin wannan ma ga shekarun korona: Hajjin 2019 kusan mutum miliyan 2.5, na 2020 'yan tsiraru daga cikin ƙasa, na 2021 kimanin 60,000. Shaguna da yawa jarinsu a nan ya narke, bai dawo ba har yau, sai rufa-rufa da bashin 'yan sari.

Na uku, tsadar riƙe ƙofa a buɗe. Harajin kaya ya shigo a Janairun 2018 da kashi 5 cikin 100, ya koma kashi 15 a Yulin 2020, kuma hayar shago ma tana cikin abin da yake hawa. Ga kuɗin ma'aikaci baƙo da ya kai riyal 700 zuwa 800 a wata. Ga wuta. Na huɗu kuwa yana cikin aljihun ƙannenka: waya. 'Yan matan da a da suke rako uwarsu shago, yau a Shein da Noon da Amazon suke zaɓa, su raba biyan gida huɗu ta Tabby ko Tamara, a kawo musu har ƙofa. Wannan kuma mol ɗin ma yana cin sa, shi ya sa kake ganin yana cika benayensa da wuraren cin abinci da wasan yara a inda da shagunan tufafi ne. Sai shagunan abu-hamsa masu komai riyal 5, waɗanda suka kwashe cinikin ƙananan kaya, kwalli da zobe da turaren ɗan goma.

Yanzu mu zo kan kushk, don nan ne nake jin tsoro a kanka.

Hayar mol ba lamba ɗaya ba ce. Akwai hayar asali. Akwai kuɗin hidima, na sanyi da shara da masu gadi. Sau da yawa akwai kuɗin talla. A wasu takardun akwai sharaɗin cewa in cinikinka ya wuce wani adadi, mai mol yana da kaso a ciki, don haka yana da ikon duba na'urarka. Akwai kuɗin ajiya da za ka bayar tun farko, kuma ginin kushk ɗin daga aljihunka ne, bisa zanen da su suka amince da shi. Abin da ba a gaya wa sabon shiga shi ne manyan kantunan da ke jan jama'a, irin babban kantin abinci ko silima, su ne ke biyan mafi arha a kan kowace mita, don mai mol yana bukatarsu. Ƙaramin ɗan haya shi ke biyan mafi tsada. Kushk kuma shi ne ƙarshen layi: takardarsa gajera ce, ana iya matsar da kai daga bakin matakala zuwa lungun bayan gida in wani ya zo da tayi mafi tsoka. Da idona na ga an yi wa wani bawan Allah mai turare haka ana saura mako biyu azumi, kuma takardar da ya sa wa hannu ta ba su dama. Ni na miƙa masa sanarwar, abin bai bar raina ba har yau.

Sannan ba kai ke da lokacinka ba. Mol ya buɗe, dole ka buɗe. Ba ka rufewa sai ya rufe, kwana bakwai a mako, in ka saɓa akwai tara. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Tun Agustan 2021 kuma aikin sayarwa a cikin mol na 'yan ƙasa ne, kuma albashin da ake lissafa ɗan ƙasa cikakke da shi a tsarin Niɗaƙat, na ƙididdigar ma'aikata 'yan ƙasa, bai gaza riyal 4,000 ba.

Ga lissafi na misali, sai ka cire lambobina ka sa na takardar da aka ba ka. A ce haya riyal 120,000 a shekara. Ma'aikata biyu, 96,000. Hidima da talla da ƙananan abubuwa, a ce 24,000. Ya zama 240,000 kafin ka kai wa mahaifiyarka ko riyal ɗaya. In a kowane riyal 100 na ciniki ribarka 30 ce, sai ka sayar da kayan 800,000 a shekara kafin ka fita daga ramin, wato wajen riyal 2,200 kowace rana ta Allah, har da ranakun Safar da ba kowa. Da wannan cinikin kuma ka haura 375,000, iyakar da rajistar haraji take zama wajibi, da fatura, wato rasit, ta na'ura da aka fara tun Disamban 2021, da mai lissafin da za ka riƙa biya. Ka tambayi kanka ranaku nawa a bara shagonku ya yi cinikin 2,200. Kuma a can za ka tsaya ne tsakanin manyan kamfanonin turare masu rassa a ko'ina, gaban mai sayen da bai san babanka ba, ba ya jin Hausa, ba ya neman a yi masa gyara. Duk abin da ya sa ake zuwa wurinku, a bakin ƙofar mol za ka ajiye shi.

Ban ce kushk ba ya yi wa kowa ba. Yana yi wa mai haja ɗaya mai riba mai kauri, da sunan kansa a kwalba, da jarin da zai iya jure asarar shekara guda. In wata rana ka kai nan, ka fara da hayar wata ɗaya ko biyu a lokacin azumi ka gwada ruwan. Amma ba da kuɗin marayu ba.

To me ke hannunka wanda mol ba shi da shi? Harshe, da sani, da amana. Kada ka raina su don ba a rubuta su a sijilli, takardar rajistar shago. Dattijuwar da ta shigo ta ji an ce mata "Hajiya sannu da ibada, zauna ki huta," aka miƙo mata ruwa, ta riga ta sauke rabin tsoron da take yawo da shi a garin da ba ta jin maganar kowa. Kai ka san wace abaya ake yayi a Kano bana, ka san Bazabarmiya da Bafulatanar Adamawa ba launi ɗaya suke so ba, ka san turaren wutan da 'yan Barno za su shinshina su ajiye. Kana iya karɓar ajiyar kaya har ranar tashi. Kana iya haɗa mutum da mai kargo na gaskiya in kayansa sun fi kilon jirgi. Babu kantin mol da zai yi wannan. Mahaifinku da wannan ya riƙe gida, kuma ina kyautata zaton akwai mutanen da har yau in sun zo Umara suna tambayar shagonsa da sunansa.

Sai dai zan gaya maka gaskiya kan namu laifin, don ba duka ne daga waje ba. Mol ya koya wa mutane abubuwa uku, kuma ba za su manta ba: farashi a rubuce, wuri mai tsabta da haske, da damar dawo da kaya in an sami aibi. Mu kuwa har yanzu akwai mai kallon takalmin mutum kafin ya faɗi kuɗi. A sayar wa hajiya abu riyal 80 da safe, 'yar ɗakinsu ta sayo shi 45 da yamma, su haɗu a masauki su gwada. Daren nan mutum goma sha biyu sun ji, kuma gobe saƙon murya ya isa Gusau. Akwai masu cewa ajwa ce alhali ba ita ba ce, da masu cewa azurfa ce alhali ruwa aka yi mata. Baƙon Allah ne fa. Ban da zunubi, wannan ita ce hanya mafi sauri ta tura mutane inda farashi ke manne a jikin kaya. Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta sa farashi, ta kuma daɗe da hana rubutun nan na "kayan da aka saya ba a dawo da su," kuma kowa na iya kiran 1900 ya kai ƙara. Ka manna farashi na gaskiya, ka bar ɗan wurin rangwame ga mai sayen dozin, don mutanenmu suna son a yi tayi a yi sallama, hakan ba laifi. Abin da ba a so shi ne farashin ya zama gwargwadon rashin wayon mai saye.

Aikin da nake so ka fara gobe ba ya cin kuɗi. Sayi littafi. Wata uku, duk wanda ya shigo ka rubuta: ɗan unguwa ne ko baƙo, daga ina, me ya tambaya, ya saya ko bai saya ba, in bai saya ba me ya hana. Sau biyu a mako ka tsaya a ƙofa bayan La'asar da bayan Isha ka ƙirga masu wucewa na minti goma sha biyar. Yawancin masu cewa "babu kasuwa" ba su san ko mutane ne suka daina wucewa, ko suna wucewa ba sa shiga, ko suna shiga ba sa saye ba. Ciwo uku ne, maganinsu uku. In ba a wucewa, matsalar wuri ce. In ana wucewa ba a shiga, matsalar fuskar shago ce: haske, sanyi, abin da ka rataya a gaba. In ana shiga ana fita hannu wofi, matsalar kaya ce ko farashi.

A cikin wata ukun nan ka ƙirga kayan shagon kaf, ka ware duk abin da ya shekara bai motsa ba. Na tabbata za ka tarar da kwantai tun na zamanin mahaifinku, kuma zuciyarka za ta ƙi sakinsu ƙasa da yadda aka saro. Ka sake su. Kuɗi ne suke barci a kan kanta suna shan ƙura, kai kuma kana karɓar sari bashi da tsada. Ka rage iri. Shago mai mita ashirin ba zai yi gasa da abu-hamsa a ƙananan tarkace ba, ba zai yi da Shein a kayan yayin 'yan mata ba. Ka tsaya kan abin da sai an taɓa, an shinshina, an gwada, an kuma yarda da mai sayarwa: abaya mai kyau da tela a kusa wanda zai rage tsawo cikin awa guda, jallabiyar maza, turaren da kuke haɗawa da kanku, da ƙunshin tsaraba da aka riga aka shirya, na riyal 20, na 50, na 100, yadda mai jerin sunaye arba'in zai gama cikin rabin awa ya koma Harami.

Ka kuma faɗaɗa idonka ya wuce Najeriya. Sefar Nijar da Kamaru da Chadi ɗaure take da yuro, ba ta yi faɗuwar naira ba. Ga 'yan Ghana na zango, ga Hausawan Sudan da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙaro da yawansu nan. Duk Hausa ce ke haɗa ku. Umara kuma yanzu kusan duk shekara ake yi, kuma hukuma na neman kai masu zuwa miliyan 30 a shekara a ƙarƙashin shirin 2030. Ga wani abu da ke tafe a hankali wanda zai taimaki shagon bakin titi: azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, ya riga ya shiga lokacin sanyi, Hajji ma yana barin tsakiyar zafi. Shekarun da ke gaba mutane za su fi iya takawa a ƙasa, kuma ƙarfin mol na sanyi zai ragu a daidai lokacin da kuka fi ciniki.

Wayar da ta ɗauke maka wasu, ita za ta dawo maka da wasu. Duk wanda ya saya, ka nemi izininsa ka ajiye lambarsa. Mai shago a Misfala da ke da lambobin mutum ɗari biyar a Kano da Zindar da Kumasi, yana da reshe a garuruwan nan ba tare da ya biya haya ba. 'Yan Kano-Jidda sun daɗe suna wannan sana'a da ƙafarsu, yau ana yin rabinta ta WhatsApp da kargo. A nan ƙannenka mata za su fi ka iyawa, su suka san yadda ake ɗaukar abaya a hoto da yadda ake magana da mata. Ka sa su a ciki da albashi sananne, ba a matsayin taimako ba. Amma ka yi shi a kan ƙa'ida, da rajistar cinikin intanet, kuɗi kuma su riƙa shiga asusun shago. Shabaka kuwa, na'urar biya da kati, dole ce a kan kowane shago tun Agustan 2020. Kada ka zama mai cewa "ta lalace" don a ba ka tsaba, 'yan unguwa da yawa ba sa yawo da kuɗi yanzu.

Bashi ga 'yan unguwa, kada ka yanke shi, yana cikin abin da ya riƙe su. Ka dai sa masa iyaka da rana, ka rubuta a gaban mai karɓa.

Akwai maganar takardu da ba zan tsallake ba. Shagon nan yanzu na magada ne, ba naka kai kaɗai ba. Ko sayarwa ko jinginarwa ko ɗaukar jarinsa zuwa wani wuri, sai da yardar mahaifiyarka da ƙannenka, a rubuce, kuma in akwai wadda ba ta balaga ba, sai ta hannun kotu. Ku gyara sijilli da lasisin baladiyya, wato hukumar gari, su fita daga sunan mamaci, hayar kuma ta kasance a rajiste a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya. Ka yanka wa kanka albashi, abin da ya saura a raba bisa gado. Rashin wannan ya raba zumuncin gidaje da yawa da na sani. Ka duba a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ko kun cancanci sassaucin kuɗin ma'aikata da ake yi wa ƙananan wurare masu mutum 9 zuwa ƙasa idan mai wurin shi ke tsaye a kai, ka kuma leƙa hukumar Monsha'at, suna ba da shawara ga masu ƙananan sana'o'i. In kuma wani ya zo ya ce ka bar masa shagon ya juya da sunanku yana ba ka wani abu duk wata, ka ce masa a'a. Tasattur ke nan, kuma dokar da ta fara aiki a 2021 ta kai hukuncinsa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Wannan gargaɗin har da 'yan'uwanmu masu iƙama da ke zuba guminsu a shagon da ke da sunan wani: ranar da aka saɓa, ba su da takardar da za su nuna.

Yaushe zan ce maka ka tashi? In littafinka ya nuna ƙafa ce ta ɗauke daga layin, ko ka sami tabbacin layinku na cikin wuraren da za a sauke, ko haya ta kai inda take cinye ribar azumi da ta Hajji gaba ɗaya. A nan ma ba mol zan nuna maka ba. Zan ce ka bi mutanenka: ka gano otal-otal ɗin da ake sauke alhazan Afirka ta Yamma da hanyar da suke bi zuwa salla, ko unguwar da tsoffin maƙwabtanku suka koma, ka nemi ƙofa a can, ko da ta fi wannan ƙanƙanta. Kuma kada ka rataya allon "lit-taƙbil", wato shago na sayarwa, a watan da kasuwa ta mutu, mai saye zai taya maka da kuɗin kanta da na'urar sanyi kawai. In za a sayar, a sayar gab da azumi, da littafin ciniki a hannu.

Wanda ya kawo maka tayin kushk zai ce wuri ɗaya ya rage, akwai wani na jira. Haka ake cewa kullum, ni ma an sa ni na faɗa. Ka karɓi kwafin takardar, ka ce za ka nuna wa mai lissafi da mahaifiyarka. Ka nemi lambobin mutum biyu da suka taɓa riƙe kushk a wannan layin suka tashi, ka ji daga bakinsu. Bayan wata uku ka turo mini abin da littafinka ya nuna, da jimillar kwantan da ka samu, da sharuɗɗan takardar, mu zauna a kansu tare. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ina yi mata ta'aziyya.